Jar Wayar da Muka Zare

Ranar sadakar bakwai ta babanku ina zaune a ɗaki cikin takaba, na ji ɗan Baba Ibro, ɗan yayan babanku, a rumfar waje yana ba baƙi labari. Ya ce marigayi mutumin kirki ne, Allah ya ji ƙansa, sai dai taurin kai, ai shi ne ya rasa shago sukutum saboda abin wasan yara. Aka yi dariya ƙasa-ƙasa, irin ta gidan makoki. Ku biyu kuna wurin, ban kuwa ji muryar ko ɗayanku ba. Ban ga laifinku ba. Abin da kuka tashi kuna ji ke nan, mu kuma ba mu taɓa zaunar da ku mun gaya muku wani abu dabam ba. Yanzu na fita takaba. Karatuna bai wuce ƴan azuzuwan lekol, makarantar boko, a Damagaram ba, da abin da na ƙara a ajin manya, don haka ku yi haƙuri da rubutun. Abin da idona ya gani da abin da hannuna ya yi, shi kaɗai zan sa a nan.

Shekarar farin nan na biyu ce, sojoji na mulki. Muna haya a Boukoki, ɗaki biyu a ciki, shago a waje yana kallon hanya. Babanku yana gyaran rediyo da manyeto, wato rikoda mai cin kaset, ni ina ɗinkin hula. Kai babban, wanda bakina ba ya kiran sunansa, ka fara lekol. Ke Nana ba a haife ki ba. Tsakaninku akwai Zalika, wadda ba ta cika shekara huɗu ba, mai surutu, mai son zama ƙarƙashin teburin ubanta tana tsintar guntayen waya. Damina ta zo ta wuce kamar ba ta zo ba. Mutanen karkara suka cika Yamai, suna kwana a gindin katanga da abin da ya rage musu na tabarma da ƙwarya. Wanda ba shi da na tuwo ba ya gyaran rediyo, saboda haka shagon ya yi shiru, sai tulin manyeto da masu su suka kawo suka kasa dawowa karɓa.

Cikin wannan hali wata motar soja ta tsaya a ƙofar shago da hantsi. Wani sarjan, Bazabarme dogo mai ƴar Hausar kasuwa, ya sauko da kwali, wani Kumandan ya biyo bayansa. Ba zan rubuta sunansa ba, ya rasu, kuma yana da jikoki da ba su yi mini komai ba. A cikin kwalin akwai tankar yaƙi ƴar ƙarama, tsawonta kamar kamu ɗaya, mai nauyi, da sarƙar ƙarfe a ƙafafunta irin ta tankar gaske. Daga ƙasar Turawa ya zo da ita. Tana da akwatin da ake riƙewa a hannu, mai dogon antan irin eriyar rediyo, in an taɓa sandunansa sai ta yi gaba, ta yi baya, ta juya, ba igiya tsakaninsu. Lafiyarta lau. Abin da ya dami Kumandan shi ne bindigarta a kafe take, ba ta motsi. Yana so ta ɗaga hanci ta sauke, kuma in ta yi harbi ta ja da baya da ƙara kamar yadda manyan suke yi. Babanku ya tambayi shekarun yaron da za a ba, don ya san irin ƙarfin da zai sa mata. Sarjan ya kau da kai yana danne dariya. Ba ta yaro ba ce, ta Kumandan ce.

Ba zan ce muku babanku ya karɓi aikin da ɓacin rai ba. Ya ji daɗi. Ya daɗe bai sami aikin da zai sa shi tunani ba, kuma washegari sarjan ya sauke mana buhun shinkafa a zaure, da alkawarin wani buhun kowane wata in aiki ya yi kyau, har da gyaran rediyoyin barikinsu. Rubutun jikin buhun na ƙasashen waje ne, irin wanda ake kawowa don masu yunwa. Na san daga inda ya fito. Na dafa, mun ci, Zalika ta lashe kwano.

Ga yadda aka yi aikin, domin in ba ku san shi ba ba za ku gane sauran ba. A jikin akwatin hannun akwai maɓalli ɗaya da ba ya aikin komai, shi kaɗai ne hanyar da ta rage, ga kuma aiki biyu ana so. Babanku ya ciro ƙaramin inji daga cikin wani mataccen manyeto, ya haɗa shi da haƙoran agogon tebur, ya zama in an tura maɓallin sama hancin bindiga ya ɗaga a hankali, in an tura ƙasa ya sauka. Don ja da baya ya sa inji na biyu. Ya yanka murfin gwangwanin sardin ya yi masa ƙusumbi a gefe ɗaya, in injin ya juya shi sai ƙusumbin ya fizgi bindigar baya, ya sake ta, ƴan lanƙwasassun ƙarafan nan na cikin alƙalamin bik su maido ta gaba. Wajen dawowar take bugun ƴar takardar albarushi irin ta bindigar wasan yara, sai ka ji tau, da ɗan hayaƙi. Tunda maɓalli ɗaya ne, sai ya yi dabara. Ya kafa wani ɗan harshen kwano a cikin kan tankar, can sama, wanda gindin bindiga ba ya taɓawa sai hancinta ya ɗaga iyakar ɗagawa. In ya taɓa, wuta ta bi wata jar waya zuwa inji na biyu, harbi ya tashi. Ya yi murna da wannan dabara ƙwarai. Ya ce mini da haka ba za ta taɓa harbi ba sai tana kallon sama, ko wawa ne ya riƙe akwatin ba zai razana kowa ba.

Wayoyin sai sun bi ta wuyan tankar, inda kai ke juyawa a kan gangar jiki, ramin kuwa bai fi a zura tsinke ba. Yatsun babanku kun san su, kaurara, duk tabon dalma. Ya yi ta fama har ya fara yi wa tankar faɗa kamar mutum. Na ajiye hula na ɗauko basillata. Na zura wayoyin ɗaya bayan ɗaya, baƙa, fara, sannan ja, na bar musu ɗan sako-sako a wuya kamar yadda ake barin zare a hammatar riga don kada ya tsinke in an ɗaga hannu. Ana yawan ɗauke kuran, wutar lantarki, a lokacin, sai ya gasa ƙarfen dalmarsa a garwashi, ni ina riƙe bakin waya yana ɗiga mata. Da muka gwada a kan tebur, hancin ya tashi yana ƴar ƙugi, ya kalli rufin kwano, ya yi tau ya ja da baya. Zalika ta fito daga ƙarƙashin tebur tana tsalle, ta ce kunkurun Baba ya yi atishawa. Muka yi dariya har na share hawaye. Ina so ku san wannan ma. Mun yi dariya.

Babanku yana da ƙa'ida ɗaya da bai taɓa saɓawa ba. Ba ya miƙa aiki sai ya gwada shi a gaban mai shi, a inda za a yi amfani da shi. Don haka ya ɗaure kwalin a bayan ɗan babur ɗinsa, mobilet, ya ce in biyo shi da basilla ko wata waya ta zame a hanya. Muka tafi unguwar manya da azahar. Mai gadi ya shigar da shi, ni ya ce in jira a waje. A gindin katangar gidan akwai mata zaune a ƙasa, da yara a cinya, kowace da ƙwarya ko gwangwani. In an gama cin rana a ciki, akan fito musu da sauran abinci. Wata tsohuwa, daga wajen Tanout ta ce take, ta matsa mini.

"Ɗiyata, ke ma sauran tukunya kike jira?"

Na ce a'a Inna, maigidana nake jira. Ta dubi zanena, ta dubi takalmina, ta ce to in shigo inuwa, rana ba ta san wanda ya ci ba. Muna nan aka fito da daro, aka rarraba. Ita ta sami ɗan ƙanzon shinkafa a ƙwaryarta, ta ajiye a gabanta tana jiƙa shi da ruwa don haƙoranta. Sai ƙofa ta sake buɗewa. Ba mutum ne ya fito ba, tankar ce, ita kaɗai, sarƙarta tana cin tsakuwa. Sojoji suna bayan ƙofa suna leƙe, Kumandan a tsakiyarsu da akwati a hannu. Matan nan ba su taɓa ganin ƙarfe yana tafiya ba mai ja ba, amma sun san kamannin abin, sun ga manyan a bakin hanya ranar da ake kwashe mutane a kamiyo, manyan motocin kaya, ana maida su daji. Ta taho ta tsaya gaban tsohuwar. Na ji ƴar ƙugin nan da na sani. Hancin ya fara tashi, ya wuce ƙwaryar, ya wuce gwiwarta, ya wuce ƙirjinta, ya kai iyakarsa. Iyakar tasa daidai tsakanin idanunta ce. Ya yi tau.

Ta faɗi da baya. Yara suka fashe da kuka, mata suka watse suna jan zane, ƙwarya ta kife, tankar ta bi ta kan shinkafar ta niƙe ta cikin ƙasa. Bayan ƙofa ana dariya har da buga cinya. Ba wanda ya ji rauni, wannan gaskiya ne, kuma shi Baba Ibro ya riƙe duk tsawon ransa. Na ɗaga tsohuwar. Zanenta ya jiƙe, tana ta ba ni haƙuri kamar ita ta yi laifi. Da na ɗaga kai na ga babanku a bakin ƙofa, kwalin banza a hannunsa. Sarjan ya dafa kafaɗarsa ya kira shi Metir, wato gwanin sana'a, ya ce aikinka ya yi kyau.

Muka kamo hanyar gida har muka kusa Boukoki. Ya tsai da mobilet a bakin hanya, bai waiwayo ba, ya ce:

"A kan tebur na auna ta, Mariyama. Ban tuna da wanda ke zaune a ƙasa ba."

Bayan ƴan kwanaki sarjan ya dawo da ita. Injin ja da baya ya ƙone. Babanku ya ce inji irin wannan ba ya ƙonewa sai an matsa masa. Sarjan ya ce ai kullum ne, in an gama cin rana, har abokan Kumandan suna zuwa kallo, wasu suna karɓar akwatin su gwada. Bai yi dariya ba wannan karon. Ya ce ana so ta koma kafin ranar Lahadi don akwai baƙi, kuma Kumandan ya ce a ƙara mata ƙara.

Da la'asar Baba Ibro ya zo, domin babanku ya aika masa. Yayansa ne, yana aikin biro, wato ofis, ya san yadda ake zama lafiya da hukuma. Ina bakin ƙofar ɗaki ina ji. Ya ce abin ba wuya. Masu gyara duka suna da hanyar ƙin aiki ba tare da sun ce sun ƙi ba. A ce babu inji irin wannan a Yamai, sai an aika Kano, kan iyaka kuwa a rufe take, kowa ya sani. A ce dawo gobe, a ce dawo jibi, har Kumandan ya gaji ya aiko a karɓa. Ba wanda ya ji kunya, ba wanda ya shiga uku. Babanku ya ce ya yi tunanin haka. Amma in sun karɓe ta yadda take, sauya inji aikin rabin wuni ne ga kowane mai gyara a kasuwa, tunda hanyar wutar tana nan a shimfiɗe, da harshen kwanon, da murfin sardin, da komai. Kafin Lahadi za ta koma bakin ƙofar nan. Baba Ibro ya ce to sai me, ai ba da hannunka ba. Babanku ya ce da hannuna mana, wa ya shimfiɗa hanyar? Baba Ibro ya juyo wajena.

"Mariyama, ki yi masa magana. Kuna da yara. Waɗancan matan ko da tanka ko ba tanka yunwarsu tana nan."

Na sunkuyar da kai, don ba a maida wa yayan miji magana. Da ya tafi, babanku ya sauke tankar daga tebur ya ajiye ta a tabarma tsakaninmu, ya buɗe kanta. Ya daɗe yana kallon cikin. Sannan ya ce:

"Yatsana ba ya shiga wuyan nan, kin sani. In kin ce a bari, zan sa inji in mayar musu, kuma ba zan taɓa tuna miki ba. In kin ce a zare, ke za ki zare."

Na tambaye shi me za su yi mana. Ya ce bai sani ba. Na dubi buhun a kusurwa, ya kusa rabi. Na dubi Zalika tana barci a bakin tabarma, kumatunta sun ɗan ciko tun da shinkafar ta shigo gidan. Ba zan yi muku ƙarya in ce ban ga abin da ke gabanmu ba. Na gani. Amma ni ce na zauna a gindin katangar nan, ni na ji ƙugin daga ƙasa, ni na san warin zanen tsohuwar nan, kuma na san hannun da ya zura wayar. Na tashi na ɗauko basilla. Ja na fara zarewa.

Kafin magariba ya kwance duk abin da ya sa, injuna biyun, haƙoran agogo, harshen kwano, ya kafe bindigar yadda ta zo, ya goge tankar da tsumma har tana ƙyalli. Ya so ya haɗa da sauran buhun ya mayar. Nan na ƙi. Na ce wannan ba na Kumandan ba ne, an aiko shi don masu yunwa, mu ma muna cikinsu. Da sarjan ya zo, babanku ya gwada masa ita a ƙofar shago bisa ƙa'idarsa, ta yi gaba, ta yi baya, ta juya. Ya ce ga ta yadda aka kawo ta, abin da ya sa ya cire, a gaya wa Kumandan inji yana nan, shi ne ba zai yi ba. Sarjan ya dubi hanya hagu da dama, ya rage murya.

"Metir, ni ban ji ba. Faɗi wani abu dabam in kai."

Babanku ya gode masa, ya sake faɗin abin da ya faɗa.

Da safe jandarmomi suka zo. Suka ce an sami labari yana ajiye na'urorin aika saƙo ta iska ba da izini ba. Suka kwashe tulin manyeton mutane, da ƙarfen dalma, da komai, suka sa kwaɗo a shago, suka tafi da shi da rigar aikinsa. A zamanin nan in an ɗauki mutum ba a tambayar ina. Maƙwabta suka koma gaishe ni da ido. Mai gidan haya ya zo da kunya ya ce ɗan'uwansa zai zo daga ƙauye yana bukatar ɗakunan. Baba Ibro ya ɗauke ka, kai babban, ya ciyar da kai tare da nasa, bai bambanta ba, wannan alheri nasa ne kuma kada ku manta da shi. Ni da Zalika muka haye gada zuwa Kirkissoye wurin gwaggona, wadda ita ma ba ta da komai sai ɗan lambu a bakin kogi, kogin kuwa kullum janyewa yake. Buhun ya ƙare. Hula ba mai saye. Ina ban ruwa a lambunan mutane daga ramukan da aka tona cikin yashi, a ba ni ganye da ɗan garin rogo.

Akwai abin da ko babanku sai da ya tsufa na gaya masa. Wata rana na goya Zalika na taka har gidan Kumandan, da niyyar in roƙi matarsa ta gaya mini ko yana raye. Mai gadi ya hana ni. Na koma gindin katangar na zauna cikin mata. Na nemi tsohuwar Tanout ban gan ta ba, ba kuma wanda ya san ta. Da aka gama cin rana ƙofa ta buɗe. Na rufe fuskar Zalika da tafin hannu. Daro ne ya fito, shi kaɗai. Ban zo da ƙwarya ba, na tara bakin zanena aka zuba mini. Na zauna a ƙasa na ba ɗiyata sauran tuwon Kumandan a baki, loma-loma, har ta ƙoshi, ba abin da ya fito ya nuna mu. Ban sani ba ko daga baya sun sami wanda ya mayar musu da ita, ko sun sami wani abin dariyar. Ranar dai da na zauna a wurin, mata sun ci abincinsu a zaune.

Da zafi ya yi zafi ƙyanda ta shigo Kirkissoye. Ta kama Zalika tana ramammiya. Na kai ta wurin likita, suka yi abin da za su iya, suka ce jikinta ba shi da abin da zai yi faɗa da shi. Ta rasu da rana tsaka a cinyata, a rumfar gwaggo. Maza suka ɗauke ta. Iyakar abin da zan iya rubutawa ke nan.

An sako babanku a watan da kogi ya tsaya cak, abin da tsofaffi suka ce ba su taɓa gani ba. Bai bi ta gada ba, ta cikin kogin ya tako da ƙafa. Ina ban ruwa na hango wani yana tahowa cikin yashi yana ɗingishi, sai da ya matso na gane tafiyar. Haƙoransa na gaba babu. Tabon da ke gadon bayansa ni kaɗai na gani, ban kuwa tambaya ba. Ya gaishe ni, idonsa yana bin bayana, yana bin gindin bishiya, yana bin yaran da ke wasa a bakin lambu. Na ajiye guga na gaya masa. Ya zauna a yashin. Can ya ce in nuna masa wurin.

Baba Ibro ya zo yi masa barka da fitowa da ta'aziyya a zama ɗaya. Wajen tashi ya ce, ba da mugunta ba, yana kuka ma, da mun ji maganarsa da yarinyar nan tana nan. Ni da ban taɓa maida masa magana ba na ce:

"Yaya, Allah ne ya san wannan. Ba kai ba, ba ni ba."

Daga ranar ba a sake faɗin haka a gabana ba. Sai aka maida shi labarin dariya, na mai taurin kai da abin wasan yara, don ya fi sauƙin faɗa. Babanku ya bar su. Bai sake samun shago ba, a gindin bishiyar nan ta bakin tasha ya yi gyara har idonsa ya gaza, a nan kuka san shi.

Na san abin da kuke so ku tambaya, don ni ma na tambayi kaina shi a kowace shekara da zafi ya dawo. Da buhun ya ci gaba da zuwa, da ta rayu? Ban sani ba. Ƙyanda ta ɗauki yara a gidajen da ake da hatsi, ta bar wasu a gidajen da babu. Mai yiwuwa da ta rayu. Na ɗauki wannan mai yiwuwar shekara da shekaru, nawa ne, ni da shi muka raba shi, yanzu ya bar mini duka. Ba zan ba wani ya riƙe mini ba, kuma ba zan yarda wanda bai zauna a gindin katangar nan ba ya auna mini nauyinsa a rumfar makoki. Ba gafara nake nema da wannan rubutu ba. Da za a sake ajiye tankar nan a tabarma, a sake ce mini ke za ki zare, zan yi kuka fiye da yadda na yi, sannan in tashi in ɗauko basilla.

Kun tuna tabaraun babanku, da ƴar jar wayar da ya ɗaure hannun tabaraun da ita. Kun sha yi masa tsiya a kai. Ke Nana har sabo kika sayo masa, ya gode, ya kwance wayar daga tsohon ya naɗa a sabon da ba abin da ya same shi, kika yi fushi kika ce Baba ba ya son abu mai kyau. Ita ce wayar da na zare. A ƙulle a bakin zanena ta kwana ranar da jandarmomi suka kwashe shagon, ita kaɗai ta tsira. Tabaraun yana wurina, a cikin kwallar da ke ƙarƙashin gado.

In an sake faɗin maganar nan a gabanku, ba na so ku yi faɗa da ɗan'uwanku ɗan Baba Ibro. Ku gyara masa abu ɗaya kawai. Ku ce ba shi kaɗai ba ne, su biyu ne, ɗayar kuma tana Kirkissoye da ranta. In yana da sauran dariya, ya hayo gada ya yi ta a gabana.